Ministan da Auta Take Bi

Misfala, Makka
Farkon watan Rajab

Zuwa ga autata Dalal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Gwiwata ta yi sauƙi, sai dai in na hau matakala. Likita ya ce in rage shayi mai sukari, na ce masa to. Yayanki Sami da matarsa suna gaishe ki. Gari ya cika da masu umara, ko hanyar Harami sai da turereniya. Jiya wata baƙuwa ta taka min ɗan yatsa, ta ba ni haƙuri da dabino uku.

Kada ki ce me ya hana ni kiran ki a waya. A waya Larabci kike zuba min kamar ana korar ki, in kama rabi in zubar da rabi, ga matar Sami kullum shararta ba ta wuce ƙofar ɗakina. Tunda Allah ya sa Malama Jannatu ta koya min baƙin boko da tsufana, gara in rubuta a takarda, in ɗauki hotonta in aiko miki. Abin da aka rubuta yana tsayawa wuri ɗaya har mutum ya gane shi.

To, taki takardar ta iso, na karanta ta ina bi da yatsa. Na gane maganar sanyi, na gane ruwan saman da ba ya ɗaukewa, na gane tumakin da kika ce sun fi mutane yawa. Wuri ɗaya ne ya tsaya min a wuya. Kin ce, "Yanzu duk lokacina na ba wani minista, da shi nake kwana, da shi nake tashi." Dalal, na ajiye wayar, na wanke idona, na sake dubawa. Kalmomin ba su canza ba.

Ni dai abin da na sani, karatun gyaran tsofaffin gine-gine kika tafi yi a ƙasar Wels. Ina gini ina minista? Ko ministan gine-gine ne? In haka ne, me ya kai shi wajen ɗaliba, ba shi da ofis ne?

Ba zarginki nake yi ba. Amma kin san yadda aka yi kika tafi. Baffanki Rabe cewa ya yi 'yar wansa ba za ta zauna ƙasar Nasara ita kaɗai ba. Ni na tsaya a falonsa a Utaibiyya na ce na ɗauki nauyinki a wuyana. Ya ce ya yarda, amma ranar da ya ji wata magana, ranar za ki haɗa kayanki. Tun rasuwar babanki maganarsa ce magana a dangin nan, ke ma kin sani.

Saboda haka ki amsa min waɗannan, kada ki tsallake ko ɗaya. Mene ne sunansa? Shekarunsa nawa? Yana da iyali? Yana salla? Kuma wa ya haɗa ku?

Ki riƙa sa safa biyu.

Mahaifiyarki,
Ummulkhairi

*

Wales
Janairu

Innata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya alhamdu lillahi, sai 'yar mura. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, kuma na san "to" ɗin da kika ce wa likita, ba ta kai kicin ba.

Wallahi na ji daɗi da kika tambaye ni bahasina, ya'ani binciken da nake yi. Ko Sami bai taɓa tambaya ba. Ki yi haƙuri da Hausata, kin san ta cikin gida ce, ba ta saba hawa takarda ba.

Sunansa Ifan Cadwgan. An haife shi 1771. Mushrifata ce ta haɗa mu, ya'ani malamar da take duba aikina. Ta ce, "Dalal, wannan naki ne, ba wanda ya damu da shi." Da farko ban so shi ba, Inna, amma yanzu kullum girmansa ƙaruwa yake a idona.

Ɗan masaƙi ne, talaka. Yana cikin ministocin nan da suka ƙi bin tsarin hukuma, shi ya sa manya ba sa son sa. Yana yi wa mutane magana da yarensu, ba da Turanci ba, domin mutanen nan suna da yare nasu, kamar yadda muke da Hausa a cikin gida. Yana tara jama'a a rumbun wani manomi, ana kama shi, ana cin tararsa, yana komawa. Yana tafiya a ƙafa ƙauye zuwa ƙauye cikin ruwan sama, takalminsa a yage.

Iyali kam yana da su, mata ɗaya da 'ya'ya bakwai. Matar tana shan wahala da shi, miskina, ba ya zama a gida. Salla kuwa, Inna, kin ba ni dariya. Yana yin irin tasu, sosai ma, amma ba irin tamu ba.

Babban abin shi ne ginin da ya yi a bakin kogi. Ya sa masa suna Bethel, wai ma'anarsa Ɗakin Allah. Dutse ne da farar ƙasa kawai, ba ado ko kaɗan, amma in kin shiga sai ki ji jikinki ya yi sanyi. Mako mai zuwa zan tafi ƙauyensa, in zauna can wajensa har in gama abin da ya kai ni. Cikin duwatsu ne, waya ba ta kamawa, kada ki damu in kin ji ni shiru.

Maganar Baffa kuwa mafi mushkila, ya'ani ba matsala. Me zai ji? Karatuna nake yi.

Ki gaida Sami da matarsa da tsintsiyarta.

Autarki,
Dalal

*

Misfala
Ƙarshen Rajab

Dalal,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwar ta dawo, kuma na san abin da ya dawo da ita. Murar taki fa? Ki dafa citta da kanumfari in ana samunsu a can.

Na kira ki da na gama karanta takardarki, wata mata ta amsa da Turanci ta kashe. Na sake kira, ita dai. Sai daga baya na gane muryar cikin waya ce. Wato har kin tafi ke nan.

Da na ga sunan, zuciyata ta ɗan kwanta. Na ce Irfan, to ai Musulmi ne, yarinya ta manta harafi ɗaya. Ina sauka ƙasa sai na tarar da sallar da ba irin tamu ba. Kuma wai na ba ki dariya. Dalal, a ina dariyar take? Na neme ta ban gani ba.

Sai shekarar haihuwa. Kin rubuta 1771. Mu yanzu muna 1446. Na ƙirga da yatsu, na ƙirga da carbi, na ga saura shekara ɗari uku da wani abu kafin a haifi mutumin nan. Na ce to, lissafin Nasara ne. Na tambayi mai kantin magani na ƙasan gidanmu, na ce su nasu nawa suke, ya ce 2025. Da na cire sai na ga mutumin ya haura shekara ɗari biyu da hamsin. Ta namu ba a haife shi ba, ta nasu ya wuce a kira shi tsoho. Sai Allah ya buɗe min: bakwai da tara suna kama a rubutunki. 1971 kike nufi. Shekara hamsin da huɗu ke nan. Autata, babanki da ya rasu bai girme shi da yawa ba.

Kuma wane irin minista ne wannan? Ni na ga ministoci da idona lokacin Hajji, na ƙasashe iri-iri. Da mota suke zuwa, da tumbi, da mai riƙe musu lema. Ministan da takalminsa ya yage, wanda ake kamawa ana cin tararsa, wannan korarre ne. Ɗan tawaye ne, ki kira shi da sunansa. In hukuma ta zo kama shi kina wurin, da wane baki za ki ce ke awon bango kika zo?

Na yi tunanin matar nan da 'ya'yanta bakwai. Ke da bakinki kika ce ba ya zama a gida. To ina yake zama?

Amma duk wannan bai taɓa ni ba kamar ginin. Dalal, a Misfala aka yanke miki cibiya. Daga kan gadonki kike jin kiran sallar Harami. Ɗakin Allah guda nawa ne? Na taɓa jin ana cewa a ƙarshen zamani masu da'awa za su yawaita, ban taɓa tunanin ɗaya zai fito a bakin kogin tumaki ya kama min 'ya ba. Kin ce in kin shiga jikinki yana yin sanyi. Wane irin sanyi? Na gari ko na asiri? Ki riƙa karanta Falaƙi da Nasi kafin ki taka ƙofar, kuma kada ki ci komai daga hannunsa.

Wannan malamar da ta haɗa ku, ita ba ta da 'ya ne?

Ban faɗa wa kowa ba. Na so in nuna wa Malama Jannatu takardar ko ni ce na karanta ba daidai ba, amma na tuna bakinta ba ya riƙe ruwa. Na bar abin a cikina yana ci na.

Ki bar ƙauyen nan ki koma jami'a. Ki amsa min da zarar kin gani.

Mahaifiyarki

*

Misfala
Tsakiyar Sha'aban

Dalal,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, in ana kiran wannan lafiya. Har yau shiru. Kullum ina duba takardata a waya in ga ko alamar nan ta nuna kin buɗe, ba ta nuna ba.

Abin da nake gudu ya faru, kuma daga bakina ya fito.

Ranar Juma'a mun ci abinci gidan Baffanki. Matarsa Kabira ta yi shinkafa da kaza, ni kuwa ina ta juya cokali. Ta ce, "Yaya, ko gishiri ya yi yawa?" Na ce a'a. Ni dabara na so in yi, in tambayi Baffanki kamar maganar wasu ce, tunda shi yana jin labaran duniya. Na ce, "Alhaji, wai a ƙasar Turawa in an kama minista, ana haɗawa da wanda aka samu tare da shi?"

Ya ajiye ƙashin da ke hannunsa. Ya ce, "Wane minista?"

Na ce, "Wani ne dai."

Ya ce, "Ummulkhairi, shekara talatin da wani abu ina cin abinci da ke, ban taɓa jin kin tambayi ko mai unguwa ba. Wa kika sani a ƙasar Turawa?"

Kabira ta ce, "Alhaji, bar ta ta ci abinci."

Ya ce, "Za ta ci. Wa kika sani?"

Dalal, ni ban iya ƙarya ba, kin sani. Kuka ya riga ni. Ban nuna masa takardar ba, kuma ban faɗi maganar Ɗakin ba, domin da na faɗa da a daren zai hau jirgi. Na dai ce akwai wani korarren minista mai shekara hamsin da huɗu, mai mata da 'ya'ya bakwai, ba Musulmi ba, kuma kin bi shi ƙauyensu inda waya ba ta kamawa. Da na ji abin ya fito daga bakina a jere haka, sai na ji ya fi yadda yake a takarda muni.

Bai yi faɗa ba. Na fi so ya yi faɗa. Ya kira Sami ya ce ya fara neman biza gobe. Ya ce azumin bana a Makka za ki yi shi, karatu kuma ya ƙare. Sannan ya dube ni ya ce, "Ke kika ce kin ɗauki nauyi. Ga nauyin nan, ɗauka."

Kabira ta raka ni bakin titi neman tasi. Ta ce, "Yaya, kin tabbata kin karanta daidai? Yaran nan Hausarsu ta koma gefe ɗaya." Na ji haushi, na ce mata ni na iya karatu. Amma a cikin mota na yi ta tunanin maganarta.

Ni yanzu ban san abin da nake so ba. In na tuna matar nan da 'ya'yanta, sai in ce Sami ya yi sauri. In na tuna yadda kike zana tagogin tsofaffin gidajen unguwarmu a bayan littafin makaranta tun kina ƙarama, sai in ji kamar da hannuna na rushe miki abu. In laifi kika yi, ki faɗa min, uwa ce ni. In ba ki yi ba, to me kike yi a can?

Ki yi magana, Auta.

Mahaifiyarki

*

Wales
Fabrairu

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, mura ta tafi. Yau na sauko daga ƙauyen, wayata ta kama, takardunki biyu suka shigo tare da saƙon Sami yana tambayar adireshina. Na karanta a tashar mota. Na yi dariya har mutane suna kallona, sannan na kai ta biyun, dariyar ta tsaya.

Inna, ya mutu. Ifan ya mutu tun 1843. Bakwai na rubuta, ba tara ba. Matarsa ta mutu, 'ya'yan bakwai sun mutu, jikokinsu ma sun mutu. Da na ce zan zauna wajensa, kabarinsa nake nufi, yana nan bayan ginin. Gidan wata tsohuwa muka sauka, ni da ɗalibai mata biyu, kuma ba abin da na ci daga hannun kowa sai dankali.

Laifin Hausata ne. A nan kalmar da suke kiran minista da ita, da ita suke kiran limamin coci irin nasu. Ina jin ki kina cewa minista in kina sauraron rediyo, na ɗauka duk ɗaya ne. Yanzu na tambayi wata 'yar Kaduna a jami'a, ta ce fasto ake cewa. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

To ga gaskiyar gaba ɗaya, domin na san Baffa, wataƙila ya ce gara ministan mai rai. Ifan fasto ne, kuma ginin coci ne. Sunan da ya sa masa daga littafinsu ya ɗauko, cocinsu da yawa haka ake kiran su, ba da'awa yake yi ba. Yanzu ba mai ibada a ciki, rufin yana yoyo, tantabaru ne ke kwana. Aikina in auna bango, in gane irin farar ƙasar da suka kwaɓa, in rubuta yadda za a gyara shi kada ya faɗi. Sanyin da na ce, sanyi ne kawai, Inna, da kuma shirun wurin. Sallata a ɗakina nake yi, ban rasa ko ɗaya ba.

Kin tambayi me nake yi a can. Bari in gaya miki da Hausar da ba za ta sake kayar da mu ba. A zamaninsa, cocin hukuma da Turanci ake wa talakawa wa'azi, suna zaune ba su gane komai. Shi ya ƙi. Mai gonar da yake haya ya kore shi saboda haka. Wata gwauruwa, Marged, ta ba shi kusurwar gonarta. Ba su da kuɗin magina, sai kowa in ya tashi daga aiki ya biya kogi ya ɗauko dutse ɗaya, mata a cikin zanensu. Shi ya sa bangon ba dutse biyu masu kama da juna. In na dafa shi ina gane wanda yaro ya ɗauko da wanda ƙato ya ɗauko.

Ranar Lahadi kuma yana koya wa mutane karatu da yarensu, har da tsofaffi. Da muka ɗaga katakon ƙasa mun sami allunan dutse da suka faɗa ta tsaga. A ɗaya an rubuta harafi guda sau da yawa, manya-manya, a karkace, hannun yana rawa. Ba hannun yaro ba ne. Na san irin hannun nan, na gan shi a kan tabarmarmu. Na fita waje na yi kuka, abokan aikina suka ɗauka ƙura ce.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Da ya tsufa, jama'ar suka so ya kori wani mashayi daga cikinsu, ya ce bai gina ƙofa don rufewa ba. Sai suka kore shi shi. Ya mutu a gidan 'yarsa, aka binne shi a bayan bangon da ya gina, ta waje.

Inna, saura min shekara ɗaya da rabi. In Sami ya zo ya ɗauke ni yanzu, minhar da aka ba ni, ya'ani tallafin kuɗin karatu, ta tafi, ba a bayarwa sau biyu. Ba zan yi faɗa da Baffa ba, kuma ba zan gudu ba. In kin ce in dawo, zan dawo. Amma ke kika tsaya min a falonsa, ba ni da wani mai tsaya min. Ki je ki gaya masa.

Ban ji haushinki ba. Na ji kaɗan.

Autarki,
Dalal

*

Misfala
Jajiberin azumi

Autata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Ana ta duban wata, an cika kasuwa kamar za a daina sayar da abinci. Allah ya sa mu ga ƙarshensa lafiya.

Da na karanta cewa ya mutu, na faɗi na yi sujada. Da na ɗago sai na ce astagfirullah, yau ni ce nake murnar mutuwar bawan Allah da bai ci min komai ba. Na ci gaba da karatu, na iso wajen fasto da coci, sai murnar ta koma ciki. Gaskiyarki, na san Baffanki. Ministan mai rai zai sa ya aika Sami. Coci kuwa da kansa zai zo.

Na yi ta juya abin. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ban gane dalilin da zai sa 'yar Makka ta je ta tallafi bangon coci ba, ga gidajen Musulmi suna faɗuwa. Sunan ginin ma har yanzu yana min nauyi a baki. Amma maganar allon nan ta hana ni sakat. Ita ma tsohuwar da ta rubuta shi wataƙila jikokinta suna mata dariya in ta juya harafi baya.

Jiya bayan la'asar na shiga tasi na tafi Utaibiyya. A hanya na shirya maganata tsaf, daga farko har ƙarshe, da niyyar in faɗi duka. Na same shi a falo yana duba fasfon Sami, Kabira tana tsince dabino.

Na ce, "Alhaji, Dalal ta rubuto. Mutumin nan ya mutu."

Ya cire tabarau. Ya ce, "Wa?"

Na ce, "Ministan."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ya ce, "Ikon Allah. Ka ga yadda Ubangiji yake raba bawa da fitina ba tare da kuɗin jirgi ba."

Na buɗe baki zan ci gaba, wallahi na buɗe. Sai ya ce, "Yaushe?"

Dalal, a nan ne hanya ta rabu biyu, ina ganin ta da idona. Na ce, "An kwana biyu."

Kabira ta ɗago kai. Ta ce, "Ciwo ya yi, Yaya?"

Na ce, "Tsufa."

Baffanki ya ce, "Tsufa? Ba ke kika ce hamsin da huɗu ba?"

Na ce, "Ashe ya ɗara haka."

Ya ce, "Ai dama. Haka suke, su rina gashi su rage shekaru. Ita yarinyar fa, wani abu ya shiga tsakaninsu?"

Na ce, "Alhaji, na dafa Alƙur'ani in kana so, ko idonsa ba ta taɓa gani ba. Labarinsa aka ba ta a jami'a ta rubuta, da ginin da ya bari. Ni ce na karanta na ƙara gishiri."

Ya ce, "Ke da karatun nan naki na tsufa, wata rana sai kin haɗa yaƙi." Na haɗiye. Ya jefa fasfon a kan tebur ya ce, "To ta zauna ta gama abin da ya kai ta. Amma ki gaya mata ban yarda ta je zaman makoki ba."

Na ce ba za ta je ba.

Kabira ta raka ni bakin titi. Muka tsaya har tasi ta zo. Ta ce, "Yaya, kwana biyun nan, na Hausa ne ko na Larabci?" Na ce na Hausa. Ta ce, "Na yi zato," ta rufe min ƙofar mota.

To ga inda nake, Auta, kuma ban san sunansa ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Mu in mun shekara goma ba mu ga mutum ba, kwana biyu muke ce masa, ba wanda ya taɓa kiran mu maƙaryata. Amma ban san ko kwana biyu yana iya ɗaukar shekara ɗari da tamanin ba tare da ya yage ba. Kuma kalmar coci ba ta fito daga bakina ba. Ga azumi ya zo. Na yi niyyar ciyar da miskinai goma, ko da abin yana da kaffara, in ba shi da ita ladan ya tafi ga babanki.

Sharuɗɗana uku ne. Kada ki yi salla a cikin ginin. Kada ki zauna a bakin kabarin bayan magariba. Kuma duk abin da za ki rubuto min daga yau, ki fara nuna wa 'yar Kadunan nan.

Sami ya ji haushi, ya riga ya sayi rigar sanyi.

Ki yi aikinki da kyau, ki toshe musu yoyon, amma ki ɗaga ƙafa. Baffanki ya ce in an kwana arba'in in tuna masa, yana so ya ji ko an naɗa wani a kujerar.

Mahaifiyarki,
Ummulkhairi